Gilashin Karatun Da Ake Saya Ba Tare Da Gwajin Likita Ba: Amfaninsa Da Iyakarsa

Gilashin karatun da ake sayarwa a shirye, wanda mutum yake ɗauka ya gwada a fuskarsa ya biya ya tafi ba tare da takardar likita ba, yana cikin ƙalilan ɗin kayayyakin kiwon lafiya da suke cika alkawarinsu nan take. Rubutun da ya dishe yana fitowa sarai tun kafin mai saye ya bar wurin, kuma ba sai an jira kwana ko mako ba kafin a san ko ya yi aiki. Na daɗe ina amfani da shi, na riƙe masu kyau da marasa kyau, kuma hukuncina a kansa shi ne cewa kaya ne mai amfani ƙwarai ga wanda ya haura shekara 40, yake ganin nesa lafiya lau, idanunsa biyu suke da ƙarfi kusan ɗaya, sannan an riga an duba masa cikin ido an tabbatar babu wata cuta. Wanda bai cika sharaɗi na ƙarshe ba yana iya jin daɗin gilashin kamar kowa, kuma a nan ne damuwata take, domin jin daɗin ne yake sa mutum ya ɗauka ya gama da batun idonsa.

Matsalar da aka ƙera gilashin domin ta guda ɗaya ce, wato raunin ganin kusa da shekaru suke kawowa, wanda likitoci suke kira firesbiyofiya. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda faɗinsa bai wuce milimita 10 ba, kuma wata tsoka mai kama da zobe ce take kewaye da shi. Idan mutum ya kalli abu na kusa, tsokar tana tsukewa, madubin ya ƙara kumbura, hasken da ya shigo ya taru daidai a kan tantanin bayan ido. Wannan madubi yana da taushi sosai a ƙuruciya, shi ya sa yaro ɗan shekara 10 yake iya karanta rubutu a tazarar da ba ta kai santimita 10 daga hancinsa ba. Yana ci gaba da tauri a hankali duk tsawon rayuwa, amma mutum ba ya lura sai tsakanin shekara 40 zuwa 45, lokacin da tazarar da ido yake iya gani sarai ta fara wuce inda aka saba riƙe takarda. Daga nan ne ake fara miƙe hannu da waya, ana neman bakin taga domin karanta rubutun jikin kwalbar magani, zare kuma ya ƙi shiga kafar allura. A wajen shekara 60 madubin ya kusa daina motsi gaba ɗaya, abin sai ya tsaya a inda ya kai. Ba cuta ba ce, ba kuma sakacin kowa ba ne. Duk wanda ya yi tsawon rai zai gamu da ita, kuma babu motsa ido ko ƙarin sinadarin abinci da aka tabbatar yana mayar wa madubin taushinsa.

Maganin da ake sayarwa a yau tsoho ne. Tabarau na farko da aka ƙera a arewacin Italiya a ƙarshen ƙarni na 13 na wannan matsalar ne, madubi mai tudu a tsakiya wanda yake yi wa ido aikin da ya gaza. Abin mamaki shi ne bayan fiye da shekara 700, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan gani a 2019 ya nuna cewa cikin aƙalla mutum biliyan 2.2 da suke da matsalar gani, kimanin miliyan 826 raunin ganin kusa ne kawai yake damun su, kuma ba su sami gilashin da zai gyara shi ba. An kuma auna abin da rashinsa yake jawowa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya raba wa masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya gilashin karatu, sai nauyin ganyen da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Wani da aka yi a Bangaladash aka buga a 2024 ya sami ƙarin kuɗin shiga na kusan kashi ɗaya cikin uku a wurin waɗanda suka samu. Ina kawo waɗannan ne domin kada sukar da zan yi nan gaba ta sa a ɗauka ina raina kayan. Ga tela da mai gyaran waya da malami da duk wanda abincinsa yake a tazarar hannu, wannan gilashi yana iya dawo da shekarun aiki da suka kusa suɓucewa.

A jikin kowane ɗaya akwai lamba, wani lokaci a ɗan manne a kan madubin, wani lokaci a rubuce a cikin hannun da yake hawa kunne: +1.00, +1.50, +2.00, har zuwa wajen +3.50, yawanci ana hawa da 0.25 ko 0.50. Lambar tana nuna ƙarfin madubin, kuma lissafinta yana da sauƙi: a raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne iyakar tazara, a santimita, da mai lafiyayyen ganin nesa zai gani sarai ta cikin gilashin. Mai +1.00 yana kai mita ɗaya, mai +2.00 yana tsayawa a santimita 50, mai +2.50 kuwa a santimita 40. Wannan ya nuna cewa babbar lamba ba ta nufin gilashi mafi inganci, tana nufin dai gilashin da zai tilasta wa mutum ya matso da takarda kusa da fuskarsa. Masu saye da yawa suna zaɓen wanda ya fi ƙara wa rubutu girma a lokacin gwaji, su koma gida su tarar da wuya ya ƙage, domin sai sun sunkuya kafin su ga abin da yake kan tebur.

Hanyar zaɓen da na ga ta fi dacewa ita ce mutum ya je da ainihin abin da yake karantawa, wayarsa ko littafinsa, ya riƙe shi a tazarar da ya saba, wadda ga yawancin mutane take tsakanin santimita 35 zuwa 40, sannan ya fara da ƙaramar lamba yana hawa. Lambar farko da ta sa rubutu ya fito sarai ba tare da yamutsa fuska ba, ita ce tasa, ko da ta gaba da ita ta fi burge shi. Jadawalin shekarun da ake maƙalawa a wuraren sayarwa, wanda yake ba ɗan shekara 40 zuwa 45 wajen +1.00, ɗan shekara 50 wajen +1.50 zuwa +2.00, ɗan shekara 60 kuma wajen +2.50, yana taimakawa wajen sanin inda za a fara, amma bai san tsawon hannun mai saye ba, bai kuma san aikinsa ba. Fuskar kwamfuta, alal misali, tana zama a tazarar santimita 50 zuwa 70, saboda haka gilashin da ya dace da littafi yakan yi mata ƙarfi, sai mutum ya riƙa tura haɓa gaba bai sani ba. Ni kaina lambar da nake aiki da ita a gaban kwamfuta ta fi ta karatun littafi rauni, kuma sai da na raba su biyu ciwon kafaɗar da nake tashi da shi daga aiki ya lafa.

Ta fuskar inganci, kayan sun sha bamban sosai, kuma kyan firam ba ya nuna kyan madubi. Mafi yawansu da roba ake yin madubin, abin da ya sa ba su da nauyi kuma ba sa fashewa da wuri, amma suna saurin karcewa. Akwai gwajin da nake yi wa kowane ɗaya kafin in saya: in riƙe shi nesa da fuskata, in kalli wani miƙaƙƙen layi ta cikinsa, kamar gefen ƙofa, sannan in motsa shi a hankali sama da ƙasa, dama da hagu. A madubi mai kyau layin yana tafiya sumul. A maras kyau sai a ga layin yana lanƙwasa yana rawa a wani wuri, alamar cewa robar ba ta zuba daidai ba lokacin ƙira. Na taɓa samun wanda madubinsa na dama yake lafiya, na hagu kuma yake da irin wannan rawar a daidai inda ido yake kallo. Minti kaɗan na karatu da shi suka ishe ni jin nauyi a goshi. Abin da ya fi saurin lalacewa kuwa shi ne mahaɗin hannu, inda ɗan ƙaramin noti yake kwancewa da kansa. Waɗanda aka sa wa sifirin a mahaɗi sun fi jure cirewa da mayarwa, kuma wannan gilashi ne da ake cirewa a mayar sau da yawa a yini.

Iyakarsa ta farko tana cikin yadda ake ƙera shi, domin riga ce mai awo ɗaya da aka ɗinka wa kowa. Kowane madubi yana da cibiya, kuma ana so cibiyar ta zauna daidai gaban ƙwayar ido. Tazarar da take tsakanin ƙwayoyin idon manya tana kamawa daga wajen milimita 54 zuwa 74, matsakaiciyarta kuma tana kusa da 63, kuma a kusa da wannan matsakaicin ne masana'antu suke kafa cibiyoyin. Idan fuskar mutum ta fi haka faɗi ko ƙanƙanta, madubin yana ɗan karkatar da haske gefe, sai tsokokin da suke juya ido su yi ta aikin daidaita hotuna biyu su zama ɗaya. Girman wannan karkata yana tafiya da ƙarfin lamba: kuskuren da ba a jin sa a +1.00 yana ninkuwa sau uku a +3.00. Wannan ne ya sa mutum yake iya shafe shekarunsa na farko da gilashin a shirye ba tare da wani kuka ba, amma da lambarsa ta hau sai ciwon kai ya fara biyo bayan dogon karatu. Hakan ba ya lalata idon babban mutum, gajiya ce kawai, amma gajiya ce da take hana a daɗe ana aiki.

Iyaka ta biyu ita ce madubansa biyu ƙarfinsu ɗaya ne, alhali idanun mutane da yawa ba haka suke ba. Gwajin wannan yana da sauƙi: a saka gilashin, a rufe ido ɗaya da tafin hannu a karanta, sannan a sauya. Idan ɗaya ya fi ɗaya gani a fili, to ido mai kyan ne yake ɗaukar nauyin karatun shi kaɗai. Haka kuma babu abin da yake yi wa astigmatizim, wato yanayin da fatar gaban ido ba ta lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, abin da yake sa haruffa su yi inuwa ko su ja wutsiya, fitilun dare kuma su riƙa watsa tsinke-tsinke. Mai wannan matsala zai ga rubutu ya ƙara girma da gilashin a shirye, amma inuwar tana nan, kuma idan ya ƙara lamba domin ya kore ta, sai ya haɗa wa kansa matsala biyu.

Akwai waɗanda kayan ba nasu ba ne sam. Mai raunin ganin nesa, wanda gilashinsa yake ɗauke da alamar ragi, yawanci cire nasa kawai yake buƙatar yi idan zai karanta, gilashi mai alamar ƙari kuwa sai dai ya ƙara dishe masa gani. Wanda ya fara buƙatar gilashin karatu tun yana shekara 30 da 'yan kai, ko kuma ya lura yana ganin nesa da kyau ta cikinsa, mai yiwuwa yana da wani nau'in kuskuren awon ido da ya daɗe yana ɓoye, kuma abin da ya dace da shi gilashin da aka auna masa ne. Yara kuwa kada a kuskura a saya musu. Idon yaro yana kan koyon gani ne, kuma idan ido ɗaya ya daɗe yana samun hoto maras kyau a shekarun farko, ƙwaƙwalwa tana iya yin watsi da shi, gyaran kuma yana ƙara wuya bayan shekara 7 ko 8. Yaron da yake matse ido ko yake manna fuska a littafi gwaji yake buƙata.

A amfani na yau da kullum, abin da ya fi gundura ta da shi shi ne da zarar an ɗaga kai, duk abin da ya wuce tsawon hannu ya zama hazo. Ba a tuƙi da shi, kuma sauka daga bene da shi a fuska haɗari ne na gaske ga dattawa, domin gefen matakala ba ya fitowa sosai. Nau'in da yake da siririn madubi, wanda yake zama ƙasa-ƙasa a kan hanci ana leƙen nesa ta samansa, ya fi sauran dacewa da wanda yake karatu yana magana da mutane. Wanda ya gaji da cirewa da mayarwa yana da zaɓin gilashi mai hawa biyu, ko kuma mai sauya ƙarfi a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba, irin wanda aka fara sayarwa a Faransa a 1959. Ana samun kwaikwayon wannan na biyun a shirye, amma ban ba da shawararsa ba, domin hanyar da ido yake bi a tsakiyar irin wannan madubi siririya ce, kuma idan ba a auna ta a kan fuskar mai shi ba, sai ƙasa ta riƙa yi masa kamar tana tangaɗi.

Wani abu da ake yawan tallatawa tare da gilashin a yanzu shi ne shafin da ake yi wa madubi, wanda aka ce yana tace shuɗin hasken waya da kwamfuta. A nan ra'ayina ba shi da kwana-kwana: ban ga dalilin ƙara ko sisi domin sa ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya tana auna ƙarfinsu, ta duba gwaji 17 a kan irin wannan madubi, ba ta sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido fiye da madubi na yau da kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar sayensa. Shuɗin hasken da yake fitowa daga waya ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da wanda rana take zubowa. Abin da yake gajiyar da ido a gaban na'ura shi ne daɗewa ana kallon tazara ɗaya, da kuma raguwar ƙiftawa: mutum yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa na'ura ido adadin yana iya faɗuwa zuwa rabi ko ƙasa da haka, hawayen da yake jiƙa fuskar ido ya bushe, a fara jin yaji da kamar yashi. Maganin wannan bai shafi madubi ba. Bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli abin da yake nesa da mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, a sauko da fuskar kwamfuta ƙasa da saitin ido kaɗan, a kawar da iskar fanka daga fuska. Shafin da na ga amfaninsa a zahiri shi ne mai hana ƙyalli, wanda yake rage walƙiyar fitila a kan madubi, sai dai yana nuna zanen yatsa sosai.

Ana kuma yawan cewa wanda ya fara saka gilashin karatu ya kashe idonsa, domin daga nan ba zai iya karatu babu shi ba. Abin da yake faruwa shi ne madubin cikin ido yana ci gaba da tauri ko an saka gilashi ko ba a saka ba, sannan wanda ya saba da gani sarai ba ya sake yarda da hazon da ya jure a da. Ƙin sakawa ba ya jinkirta komai.

Babban aibin wannan kaya ba a jikinsa yake ba. Shekarun da raunin ganin kusa yake bayyana su ne shekarun da cututtukan da suke makantarwa a ɓoye suke fara yawaita, kuma a da wannan raunin ne yake kai mutum gaban mai duba ido, a nan a gano sauran. Yanzu gilashin a shirye ya ɗauke wannan dalilin. Gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido, ita ce ta fi ba ni tsoro a wannan fanni. Ruwan da yake zagayawa a gaban ido ne yake kasa fita yadda ya kamata, matsinsa ya riƙa cin jijiyar gani a hankali. Tana fara cin gani ne daga gefe, ba zafi ba ja, tsakiyar gani kuma tana nan garau har cutar ta yi nisa, wato mutum yana iya karanta ƙananan haruffa da gilashinsa cikin jin daɗi alhali wani babban ɓangare na jijiyarsa ya riga ya mutu. Abin da ya tafi ba ya dawowa; magungunan ɗigawa da aikin leza da tiyata suna tsare abin da ya rage ne kawai. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya sa adadin masu cutar a duniya, tsakanin 'yan shekara 40 zuwa 80, a kan miliyan 76 a 2020, kuma ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ita ba su san suna da ita ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini yake da ita, da kuma baƙar fata, waɗanda take kamawa da wuri kuma take yi wa tsanani. Awon matsin ido da ake ɗauka daidai yana tsakanin 10 zuwa 21, amma akwai masu cutar da matsinsu bai taɓa wuce wannan ba, shi ya sa sai an kalli jijiyar kanta.

Ciwon sukari ma yana aiki a ɓoye kamar haka, yana lalata ƙananan hanyoyin jinin tantanin bayan ido shekaru kafin gani ya ragu. Ana so mai ciwon sukari nau'i na biyu a duba masa bayan ido tun lokacin da aka gano ciwon, sannan a ci gaba duk shekara ko yadda likita ya tsara. Hawa da saukar sukari suna kuma sauya awon ido na ɗan lokaci, don haka wanda ya ga lambar da ta yi masa daidai a wannan makon ta ƙi shi a mako mai zuwa, sukarinsa ya kamata ya auna kafin ya sayi sabon gilashi. Akwai ma wani abu da yake yaudarar dattawa: mutum ya daɗe da gilashin karatu, sai ya wayi gari yana karatu babu shi, ya yi murna cewa idonsa ya dawo. Sau da yawa wannan farkon yanar ido ce, wadda take ƙara wa madubin cikin ido kauri ta sauya ƙarfinsa, ganin nesa kuma yana raguwa a lokaci guda. Ita dai yanar ido tana da magani, domin tiyatar cire ta a sa madubin roba tana cikin ayyukan da aka fi yi a duniya kuma aka fi samun nasara.

Gwajin da nake cewa a yi kafin saye ya wuce karanta haruffan allo. Ya ƙunshi auna kowane ido shi kaɗai, auna matsi, duba gaban ido da na'ura mai siririn haske, da ɗiga maganin da yake buɗe ƙwayar ido domin a ga jijiya da tantanin baya. Maganin yana ɗan yaji, kuma gani yana dishewa na wasu sa'o'i, haske ma ya riƙa damun mutum, saboda haka ba ranar tuƙi ba ce. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka tana ba da shawarar a yi irin wannan cikakken gwaji a shekara 40 ko da babu wani kuka, sannan likita ya faɗi tazarar da za a riƙa dawowa. A ƙarshensa yana da kyau mutum ya yi tambaya kai tsaye ko gilashin a shirye zai wadatar da shi, kuma wace lamba. Mai duba ido na gari zai faɗi gaskiya, domin mutane da yawa ba sa buƙatar fiye da shi. Idan wurin yana da kantin gilashi a haɗe, mutum yana da damar karɓar takardar awonsa ya tafi ya yi tunani.

Akwai alamomin da ba a kai su wurin mai sayar da gilashi ko kaɗan. Raguwar gani farat ɗaya, walƙiya kamar ta hadari a gefen ido tare da ɗigo-ɗigon baƙi masu yawo da suka ƙaru kwatsam, ko inuwa kamar labule da take rufe wani sashe na gani, suna iya nufin tantanin bayan ido ya yage ko ya fara ɓallewa, kuma a ranar ake neman likita. Haka nan ciwo mai tsanani a ido ɗaya tare da ja, ganin bakan gizo kewaye da fitila, da tashin zuciya. Layukan rubutu da suke lanƙwashewa a ido ɗaya ma alama ce ta matsala a tsakiyar tantanin. Kuma wanda idonsa yake ja ko ƙaiƙayi ya guji sayen maganin ɗigawa da ka, domin masu ɗauke da sinadarin siteroyid suna kwantar da ja da sauri amma suna iya ɗaga matsin ido su kuma jawo yanar ido idan aka daɗe a kansu.

Idan aka kwatanta shi da gilashin da aka auna wa mutum, na awo ya fi shi a dogon zama, kuma shi nake ɗauka duk lokacin da zan shafe sa'o'i a kan rubutu, domin cibiyarsa tana daidai idona kuma ya gyara ɗan bambancin da yake tsakanin dama da hagu. Na shirye kuma ya fi shi a wurin da ake buƙatar gani na ɗan lokaci, kamar duba saƙo ko sa hannu a takarda, kuma saboda araharsa ana iya ajiye ɗaya a jaka ɗaya a gefen gado, ɓatansa ba ya tayar da hankali. Kula da shi ba wuya: a wanke da ruwa da ɗan sabulu mai laushi, a goge da ƙyallen da aka yi domin madubi, kada a goge shi a bushe da gefen riga, domin ƙurar da take kai ce take karce shi. Kada a kifa shi a kan madubinsa, kada kuma a bar shi a cikin mota a rana, saboda zafi yana tsattsaga shafin kansa ya kuma lanƙwasa firam. A tsakanin shekara 45 zuwa 60 lamba takan hau da kaɗan-kaɗan duk bayan shekara biyu ko uku. Wanda ya ga yana buƙatar sauya lamba sau biyu cikin 'yan watanni, ko kuma ya kai +3.00 rubutu bai fito ba, ya dakatar da saye ya je a duba masa cikin ido.